Wa Ke Riƙe da Tsofaffin Sabo?

Tun da aka kafa Sabon Ibadan a 1916, kakanninmu fataken goro da dillalan shanu ba su san jinyar haya ba. Maigida ne komai. Yaron da ya yi masa hidima shekara talatin, in ƙarfi ya ƙare, ɗakinsa na nan, tuwonsa na nan, har likkafani.

To, waya ta rage wa dillanci ƙarfi, 'ya'ya kuma sun watsu Legas da Abuja. Yanzu wasunmu kan haɗa kuɗi su ɗauki nas mai ritaya. Ita ke kai Baba UCH, ta tsara shan maganin hawan jini, ta sanar da 'ya'ya. Wai abin kunya ne. Mu dai mun wanke dattijon da ya kwana biyu a ɗaki ba wanda ya leƙa.