Luminol: Tarihin Shuɗin Hasken da ke Tona Asirin Jini

Duk mai kallon shirye-shiryen binciken kisan kai irin su Forensic Files ya san wurin nan. An wanke ɗaki tas, sai jami'i ya kashe fitila ya fesa wani ruwa, nan take bango da daɓe su ɗau shuɗin haske. Tsigar jikinka sai ta tashi. Sunan ruwan nan luminol, kuma ya girmi waɗannan shirye-shirye nesa ba kusa ba.

A 1928 wani masanin sinadarai Bajamushe, H. O. Albrecht, ya lura cewa jini yana ƙara wa luminol haske. A 1937 Walter Specht, a birnin Jena na Jamus, ya gwada shi wajen gano jini a inda aka aikata laifi. Bayan shekara biyu, wasu likitoci, Proescher da Moody, suka nuna cewa busasshen tsohon jini ya ma fi sabo haskawa. Sirrin kuwa shi ne sinadarin ƙarfen da ke cikin jini, shi ke zaburar da luminol ya fitar da haske.

Amma fa talabijin na ƙara gishiri. Hasken bai wuce kamar daƙiƙa 30, kuma sai a duhu sosai ake ganinsa. Bilic da jan ƙarfe su ma suna sa shi haskawa, sannan bai san bambancin jinin mutum da na kaza ba. Shi ya sa masu bincike ke ɗaukarsa a matsayin manuniya kawai. Kafin a ɗaure mutum, dole wasu gwaje-gwajen, har da na DNA, su tabbatar da jinin waye.