Bedi: baƙon da ya gaji maɗaci

Daga Kankia zuwa Kafinsoli, har a dangana da Kusada, da wuya a sami makaranta ko bakin kasuwa ko ƙofar masallaci da babu inuwar bedi. Katsinawa suna ce masa bedi, Kanawa darbejiya, wasu maina ko dogon yaro. Idan damina ta yi nisa, zazzaɓi ya shigo gari, ganyensa ake fara tsinkowa a dafa a yi sirace, har a kurɓi ruwan. Kowa na kiransa maganin gargajiya, alhali bai cika shekara ɗari a ƙasar nan ba.

Asalinsa Indiya da Bama, inda masu magani suka daɗe da saninsa. Turawan mulkin mallaka ne suka shigo da shi Afirka ta Yamma, kuma a 1928 aka fara dasa shi a lardin Borno. Ba don magani suka kawo shi ba. Inuwa suke nema da itacen girki, da bishiyar da za ta jure fari. Ke nan lokacin da likita J. M. Dalziel ya wallafa ƙamusunsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, saura shekara 12 bedi ya iso.

To, yaya aka yi baƙo ya shige tukunyar magani da wuri haka? Ya tarar da gurbi ne. Tun kafin zuwansa Bahaushe ya yarda cewa ɗaci ke karya zazzaɓi, kuma sassaƙen maɗaci ne ke wannan aiki. Masana tsirrai sun sanya maɗaci da bedi a dangi guda, saboda haka harshen masu magani bai yi kuskure ba. Bambancin shi ne maɗaci yana jinkirin girma, ga masu katako suna sare shi, bedi kuwa tsuntsaye da jemagu ne ke shuka shi kyauta a bayan kowane gida. Abin dariya ma, abokan dahuwarsa a tukunyar sirace, ganyen mangwaro da na gwaiba, su ma baƙi ne: ɗaya daga Indiya, ɗaya daga nahiyar Amurka.

Kimiyya ta ƙofar gona ta shigo masa. A 1959, wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fara ta cinye kusan duk wani kore amma ta bar bedi. A 1968 masana a Jami'ar Keele ta Ingila suka ware azadirachtin, sinadarin da ke hana ƙwaro ci da hayayyafa. Daga nan kuɗi ya shigo: a 1994 ofishin haƙƙin ƙirƙira na Turai ya ba kamfanin W. R. Grace da ma'aikatar noma ta Amurka haƙƙin mallakar wani maganin fumfuna daga man bedi. Indiyawa suka ce sun gaji wannan sani kaka da kakanni. Aka soke haƙƙin a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005.

A fannin lafiyar ɗan Adam hujjar ba ta kai wannan ƙarfi ba, duk da abin da masu talla ke faɗa a lasifika ranar kasuwa. Gaskiya ne ganyen yana ɗauke da sinadarai irin su quercetin, masu rage lahanin da iskar oksijin ke yi wa ƙwayoyin halittar jiki, kuma an ga gedunin yana kashe ƙwayar maleriya a ɗakin gwaji. Amma ba a kai ga nuna cewa kofin ruwan bedi yana raba mutum da maleriya ba. Tazargade ya bi doguwar hanyar da bedi bai bi ba: a 1972 Tu Youyou da abokan aikinta a Sin suka ware artemisinin daga ganyen wani nau'insa, aka auna, aka gwada a jikin majinyata, sannan ya zama ginshiƙin maganin da asibiti ke bayarwa yau.

Akwai kuma haɗari. A 1981 likitoci a Malesiya suka ba da rahoton jarirai da aka ɗura wa man bedi, suka kamu da amai da jijjiga da kumburin ƙwaƙwalwa, har wasu suka rasu. Yaron da aka tsaya yi wa sirace kwana uku, yana iya isa babban asibitin Kankia jininsa ya riga ya yi ƙasa.