Birni ko Ƙauye: Yadda Matafiya Ke Zaɓar Masauki a Ƙasar Illo da Bagudo

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana kudu maso yammacin Jihar Kebbi, daidai inda kogin Kwara ke shigowa Nijeriya bayan ya raba Nijar da Benin. Garuruwanta irin su Illo, Lolo, Kaoje da Tsamiya babu wanda za a kira birni a cikinsu, amma tun ƙarnoni da suka wuce hanya ce ta ratsa su, kuma duk wanda ya bi ta sai ya yanke shawarar inda zai sauke kaya: a babban gari mai ganuwa da sarki, ko a ƙaramin gari na bakin ruwa. Tarihin yankin kusan tarihin wannan zaɓi ne.

A ƙarni na 19 fatauci mafi girma da ke bi ta nan shi ne na goro. Ayari kan taso daga Kano ko Sakkwato, ya biyo ta Jega, ya ƙetare Kwara a Illo ko Gaya, wani kuma ya gangara ta Yawuri ko Busa, sannan ya ratsa ƙasar Bargu ta Kandi ko Nikki zuwa Jugu, daga can ya nufi Salaga a ƙasar Gwanja. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara da wannan sana'a. Suna tafiya da tufafin Kano, da kanwa, da fatu da dabbobi, su komo da goro a kan jakuna. Ayarin ba ƙarami ba ne: Baturen nan Clapperton ya gamu da wani a Kayama a 1826, yana dawowa daga Gwanja da mutane kimanin dubu, maza da mata.

Madugu ne ke yanke inda za a kwana, bayan jagaba ya riga ya duba hanya. Babban gari yana da abin da ƙauye ba shi da shi. Akwai ganuwar da za ta kare kaya, akwai maigida wanda zai ba fatake ɗaki da wurin ɗaure dabbobi, ya nemo musu dillali, ya tsaya musu idan an ci bashi. Akwai kuma masu saye da wuri a hannu. Sai dai duk wannan da farashinsa. Sarki yana jiran gaisuwa, fadawa suna jiran tasu, ana karɓar garama a kan kowane kaya, kuma sarkin da ya ga ayari ya yi kauri yana iya riƙe shi kwanaki har sai an daidaita. Kowace rana da aka ɓata hasara ce, domin goro ba ya jira. Kullum sai an kwance huhu, a tsince wanda ya fara lalacewa, a yayyafa ruwa, a sake naɗe shi da ɗanyen ganye. Shi ya sa fatake ba sa son kwana cikin gari sosai. Sukan yada zango a bayan ganuwa, kusa da ruwa da ciyawa, inda matan gari ke kawo fura da tuwo da itace na sayarwa.

Ƙaramin gari kuwa arha gare shi da sauri, amma ba ya iya ciyar da mutum dubu da dabbobinsu fiye da dare ɗaya, kuma ba shi da mayaƙan da za su kori 'yan fashi. Hanyar Bargu ta yi ƙaurin suna wajen kwace. A arewacin kogi ma ba a zaune lafiya ba tun da Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa a kan Gwandu a 1849, Dendawa da Zabarmawa suka mara masa baya. Abin da ya ɗaukaka Illo shi ne tana tsakanin babban gari da ƙaramin gari. Tsohuwar masarauta ce da ke danganta asalinta da Kisra kamar Busa da Nikki, tana da sarkin da za a yi yarjejeniya da shi, ga mafici a kusa inda masu jirgi ke karɓar kuɗin fito, amma ba ta kai girman da za ta danne baƙo ba.

Ba kowa ke zuwa Gwanja ba. Mafi yawan mutanen yankin tafiyar kwana biyu zuwa mako suke yi, abin da ake kira cin kasuwa. Suna ɗauko gishirin Fogha daga wajajen Gaya, su kai busasshen kifi da shinkafa Jega, su sayo tufafi. Ga irin wannan matafiyi lissafin ya sha bamban da na madugu. Jega ta fi farashi, amma mai jaki ɗaya ba shi da ƙarfin biyan maigida da dillali. Kasuwar ƙauye inda aka san ubansa ta fi masa riba ko da kuɗin bai kai ba.

Turawa ne suka sauya taswirar. Bayan tseren da Baturen Ingila Lugard ya yi da Faransawa zuwa Nikki a 1894, yarjejeniyar Ingila da Faransa ta ranar 14 ga Yuni, 1898 ta tsaga Bargu gida biyu: Nikki da Kandi suka faɗa hannun Faransa, Busa da Illo hannun Ingila, daga baya aka haɗe Illo da Masarautar Gwandu. Kafin nan ma Salaga ta rushe a yaƙin basasar 1892. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Legas, daga can ya hau dogo. Ayarin jakuna ya mutu a hankali, zanguna da yawa suka zama gonaki. A ɗaya gefen kuma Faransawa suka raya sabon gari a bakin kogi, Malanville, wanda gadar da aka gina tsakaninsa da Gaya a 1958 ta mayar da shi ɗaya daga cikin manyan kasuwannin arewacin Benin.

Abin lura shi ne iyakar da Turawa suka shata ita ce ta raya ƙananan garuruwa. Da aka sami kuɗi iri biyu, sefa da naira, da dokokin kwastan iri biyu, sai bambancin farashi ya zama sana'a. Lolo ta tashi saboda tana fuskantar Madekali, Tsamiya saboda hanyar Segbana. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan yankin damar shiga ƙasashen juna har kwana 90 ba biza, kodayake dangin da ke gefe biyu ba su taɓa daina zuwa biki da jana'iza ba. Duk lokacin da siyasa ta motsa, hanyar ta karkata: karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, rufe iyakokin Nijeriya a Agustan 2019, cire tallafin man fetur a Mayun 2023, da rufe gadar Malanville bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Da aka rufe iyakokin, babbar hanya ce ta fara tsayawa, mutane suka koma kwale-kwale da babur ta ƙananan mashigai, da duk haɗarin da ke tattare da lodin jirgi fiye da kima a lokacin cikar ruwa.

Ɗan kasuwar Bagudo na yau da ke son sayo kaya cikin kwana biyu yana auna Malanville ko Birnin Kebbi, inda ake samun sari da zaɓi amma ana biyan mota da masauki da shingaye, da kasuwar Lolo ko Tsamiya, inda zai je da safe ya komo kafin magariba. Mai jari babba yakan nufi birni. Mai ƙaramin jari, musamman mata masu sayar da kifi da albasa da kayan miya, sukan tsaya a kasuwannin iyaka, inda ake karɓar naira da sefa a faifai ɗaya, ana ciniki da Hausa da Dendi da Fulatanci.