Tacewa Muna da Sunanta, Ɗaya Aikin Fa?

A darasin kimiyyar sinadarai na ajin farko na babbar sakandare, akan ba ɗalibai yashi gauraye da gishiri a ce su raba. Rabin farko na aikin ba ya ba ɗan Bahaushe wahala, domin sunansa na bakinsa tun daga gida: tacewa. Ya ga an tace gasarar koko da ƙyalle, dusa ta tsaya sama, ruwan kullu ya wuce. Ya ga ruwan toka yana ɗiga ta gindin tukunya mai huji. Daga tushen nan muka sami matata, har da matatar mai ta Kaduna, ko da yake can da zafi ake raba man. Hausa ta ma bambanta tacewa da tankaɗe, wanda na busasshen gari ne, da tsiyayewa, wadda sai laka ta kwanta ake yi. Takardar tacewa da mazurari kawai suka zama baƙi.

Rabi na biyu ne ba shi da tsayayyen suna. An zuba ruwa, gishiri ya narke, yashi ya tsaya a takarda. To, dawowar gishirin daga cikin ruwa fa, me za a kira ta? Sau da yawa akan ce daskarewa, kuma a ganina wannan kalma tana ɓatar da yaro. Tushen matsalar yana cikin narkewa: muna cewa man shanu ya narke a rana, muna cewa sukari ya narke a shayi, alhali abubuwa biyu ne daban. Man shanu zafi ya mayar da shi ruwa-ruwa, in ya huce duka ya daskare, da dattinsa da komai. Gishiri kuwa bazuwa ya yi cikin ruwa, kuma idan zai dawo, shi kaɗai yake fitowa, ƙwaya-ƙwaya masu kusurwa, ya bar yawancin dattin a cikin ruwan. Wannan zaɓen shi ne amfanin aikin gaba ɗaya. Girkawa ma sun shiga ruɗanin: kalmarsu krystallos, wadda Turawa suka ara, asalinta ƙanƙara take nufi.

Mutanen Bilma sun daɗe da sanin bambancin. Beza, farar ƙwayar da ke fitowa a ramukan ruwan gishiri idan rana ta ƙafar da su, ita ce ta miya. Kantu, da ake cuɗawa a zuba a mazubi ya sandare, galibi na dabbobi ne.

Ni dai na fi son a ce yin ƙwaya. Da wannan suna malami zai iya bayyana dalilin da ya sa gishiri sai an ƙafar da ruwansa: giram 100 na ruwa yana ɗaukar kusan giram 36, ko an tafasa shi bai wuce 39 ba. Kofa salfet kuwa, ruwa mai tafasa yana ɗaukar fiye da ninki uku na abin da mai sanyi ke ɗauka, shi ya sa ake barinsa ya huce a hankali, shuɗayen ƙwayoyi su fito a gindin kwalba, sannan a tace su a shanya a kan takarda.