Daga Raƙuma 100 Zuwa Kashi 90: Tarihin Lissafin Diyyar Naƙasa a Ƙasar Rano

A ƙaddara mutum biyu ne tsautsayi ya faɗa wa rana ɗaya a ƙasar Rano. Na farko lebura ne a wani kamfanin fasa dutse, sunansa na cikin takardar albashi, injin niƙa tsakuwa ya cinye masa hannun dama. Na biyu manomi ne a wani ƙauye na Kibiya, injin sussukar masara ya yi masa irin wannan ɓarna a bakin gonarsa. Raunin iri ɗaya ne, kuma kowannensu yana da iyalin da zai ciyar. Amma idan aka zo maganar kuɗi, na farko yana da doka da ta faɗi abin da za a biya shi da yadda za a lissafa, na biyu kuwa sai abin da dangi da masu zakka suka kawo. Wannan bambanci yana da tarihi mai tsawo, kuma saninsa ne ke nuna wa mutum abin da zai sa rai da shi daga gwamnati da abin da ba zai samu ba.

Ma'aunin malamai

Rano tsohon gari ne, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, shi ya sa ake yi wa sarkinsa kirari da Autan Bawo. Bayan jihadin ƙarni na 19 ƙasar ta koma ƙarƙashin Kano, alƙalai kuma suna hukunci da fiƙihun Malikiyya. A littattafan da suke karantawa, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, an riga an yanka wa kowace gaɓa farashi. Cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Hannu ɗaya rabin wannan ne, haka ƙafa ɗaya, haka ido ɗaya. Yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. Mai ido ɗaya kuwa, idan aka tsiyaye masa wanda ya rage, Malikiyya ta ba shi cikakkiyar diyya, domin ganinsa gaba ɗaya ne ya tafi.

Abu biyu ne suka fito fili a wannan tsari. Na ɗaya, ba a duba sana'ar mutum ko abin da yake samu: yatsan maɗinki da na attajiri kuɗinsu ɗaya. Na biyu, dole a sami wanda ya yi raunin. Idan bisa kuskure ne, kuma kuɗin ya kai sulusin cikakkiyar diyya, dangin wanda ya yi ɓarnar ta wajen uba ne ke haɗa hannu su biya, ana raba musu biyan zuwa shekara uku idan diyyar cikakkiya ce. Wanda aka haifa makaho, ko wanda kuturta ta ci wa yatsu, ba shi da wanda zai kai ƙara. Irin waɗannan sai zakka da sadaka, da kuma tsarin sarautunsu: Sarkin Makafi, Sarkin Kutare da Sarkin Guragu, waɗanda ke sasanta mutanensu, su kuma tsaya musu a fada. Tun a wancan zamani ke nan hanya ta rabu biyu, diyya ga wanda aka yi wa rauni, taimako ga wanda naƙasa ta samu ba da hannun kowa ba.

Ma'aunin Turawa

Aikin albashi ya zo da wata tambaya da tsohon ma'auni bai tanada ba: idan inji ne ya yi raunin, wa za a kama? A Turai an fara amsa ta da inshorar haɗarin aiki ta Jamus a 1884, sannan dokar diyyar ma'aikata ta Ingila a 1897. Ƙa'idarsu ita ce wanda ya ɗauki mutum aiki shi zai biya, ko da ba a tabbatar da sakacinsa ba.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, ma'adinan kuza na Jos da na Riruwai a kudancin Kano suka riƙa jan 'yan cin rani, amma Nijeriya ba ta sami dokar diyyar ma'aikata ta ƙasa baki ɗaya ba sai a 1941. Da ita ma'auni ya tashi daga gaɓa ya koma kan albashi. Abin da ake biya shi ne ƙarfin neman abinci da mutum ya rasa, ana lissafa shi da watannin albashinsa. Manyan ayyukan da suka biyo baya a wannan yanki, kamar madatsar ruwa ta Tiga da aka gina a farkon shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Bako, da hanyoyin ruwan noman rani na Kadawa da Bunkure, duk a ƙarƙashin wannan ƙa'ida aka yi su.

Gwamnatin Janar Babangida ta sabunta dokar a 1987, kuma alƙalumanta ne tsofaffin ma'aikata da yawa ke tunawa har yau. Idan ma'aikaci ya mutu, iyalinsa na da albashin wata 42. Idan ya naƙasa gaba ɗaya har abada, yana da na wata 54. Idan wani sashe ne na ƙarfinsa ya tafi, sai a duba jadawalin da ke ƙarshen dokar a ga kashi nawa cikin ɗari aka yanka wa raunin, a cire wannan kashi daga wata 54 ɗin. Wanda zai warke kuwa yana karɓar cikakken albashi wata 6, rabi wata 3, rubu'i wata 15.

Raunin wannan doka a bayyane yake. Kuɗin dunƙule ne, sau ɗaya. Wanda ya naƙasa yana ɗan shekara 30 an ba shi albashin shekara huɗu da rabi, sauran rayuwarsa kuma ya san inda dare ya yi masa. Sannan daga aljihun kamfani ko na mai inshorarsa kuɗin ke fita, saboda haka kowace naira sai an ja, wani lokaci har kotu. Idan kamfanin ya durƙushe, kamar yadda masana'antu da yawa na Sharaɗa da Bompai da Challawa suka durƙushe, ma'aikacin ya rasa wanda zai bi.

Dokar 2010 da lissafinta

A watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan sabuwar dokar diyyar ma'aikata, wadda ke aiki a yau. Ta ɗora alhakin biya a kan asusu guda na ƙasa a hannun hukumar NSITF, hukumar da aka kafa a 1993 ta gaji asusun tanadin ma'aikata na 1961. Duk mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ko kamfani, zai zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya a wata, kuma doka ta hana a yanki wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Ma'anar ma'aikaci ma ta faɗaɗa: da mai takarda da wanda aka ɗauka da baki, da na wucin gadi, da mai koyon sana'a, da ɗan aikin gida da ba ɗan gidan ba, da ma'aikatan tarayya da na jiha da na ƙananan hukumomi. Sojoji ne aka ware. Haɗarin da ya auku a hanya tsakanin gida da wurin aiki shi ma yana ciki, haka cututtukan da aikin ke haifarwa.

Lissafin ya dogara ne a kan abu uku: albashi, girman naƙasar, da shekarun mutum. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya har abada yana da kashi 90 cikin ɗari na albashinsa duk wata. Wanda ya rasa wani sashe na ƙarfinsa yana da kashi 90 na abin da aka ƙiyasta raunin ya rage masa daga albashi, bisa binciken likitoci da jadawalin dokar. Naƙasar da za ta wuce kuwa ana iya biyanta a dunƙule.

A koma kan leburan Rano. A ce albashinsa naira 100,000 ne a wata, shekarunsa 35. Idan likitoci suka ce ba zai sake iya aiki ba, zai riƙa karɓar naira 90,000 duk wata. Dokar ta ce ana biya har mutum ya kai shekara 55, ko zuwa lokacin da zai yi ritaya idan hukumar ta gamsu cewa ritayarsa ta wuce nan. Shekara 20 ke nan aƙalla, wata 240, jimilla naira miliyan 21.6. A ƙarƙashin dokar 1987 da naira miliyan 5.4 zai tashi. Idan kuwa aka ƙiyasta kashi 30 ne na ƙarfinsa ya tafi, asararsa naira 30,000 ce a wata, diyyarsa naira 27,000. Tsohuwar doka da ta ba shi naira miliyan 1.62 ta sallame shi. Wanda haɗari ya samu bayan ya kai 55 ana biyansa shekara biyu, ko zuwa lokacin ritayarsa. Idan mutuwa ce, matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye tana da kashi 90, mai ɗa ɗaya kashi 85. Bayan kuɗin wata, hukumar na iya ɗaukar nauyin magani, da hannu ko ƙafar roba, da koyar da wata sana'a.

Wa'adi yana iya cinye haƙƙin mutum tun kafin a zo lissafi. Ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da wurin aiki cikin kwana 14. Wurin aiki ya sanar da hukuma cikin kwana 7. A shigar da takardar neman diyya cikin shekara ɗaya, ko uku idan akwai uzuri mai ƙarfi. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana da kwana 180 ya nemi hukumar ta sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Malamin firamare a Kibiya ko ma'aikaciyar asibiti a Rano, tambayar da ta fi dacewa su yi tun suna da lafiya ita ce ko wanda ke biyansu albashi ya yi rajista kuma yana zuba kashi ɗayan nan, domin inda babu rajista da takardar albashi, a nan neman diyya ya fi cijewa. Kuma tunda da naira ake lissafin, tsadar kaya na iya zaizaye darajar kuɗin cikin shekara 20.

Waɗanda ba su da takardar albashi

Manomin Kibiya fa? Yawancin mutanen Rano da Kibiya da Bunkure, ƙananan hukumomi ukun da suka zama Masarautar Rano a tsarin 2024, manoma ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Babu albashin da za a ɗora kashi 90 a kansa. Haka yake ga wanda shan inna ya kama tun yana yaro, da wanda aka haifa kurma.

Mutane da yawa na ɗauka dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta yanka musu albashi. Abin da ta ƙunsa daban ne: kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati, wa'adin shekara biyar na gyara gine-gine yadda mai keken guragu zai iya shiga, tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya, naira miliyan ɗaya ga kamfani, da kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa, wadda ta fara aiki a 2020. Kuɗin wata ba ya cikinta. Tallafin tarayya na naira 5,000 a wata da aka riƙa bayarwa zamanin Buhari, da na naira 25,000 sau uku da ya biyo baya, gidajen talakawa da ke cikin rajistar ƙasa aka nufa da su, ma'auninsu talauci ne. A Kano akwai Hukumar Zakka da Hubusi, amma rabon zakka ya danganta ne da abin da aka tara.

Misali mafi kusa na biyan naƙasassu duk wata yana maƙwabciyar jiha. A 2007 Gwamna Sule Lamido na Jigawa ya fara biyan naira 7,000 a wata ga mutum 150 a kowace ƙaramar hukuma daga cikin 27, mutum 4,050 ke nan, naira miliyan 28.35 a wata. A lokacin mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 5,500 ne, saboda haka kuɗin ya isa a ce wa mutum ya bar bara. Shirin ya nuna abin mai yiwuwa ne, ya kuma nuna wuraren da irinsa ke yin rauni. Idan aka ƙayyade adadin mutane, na 151 sai ya jira gurbi. Idan kuma aka yanka kuɗi ba tare da ɗaure shi da wani ma'auni mai motsi ba, lokaci zai cinye shi: mafi ƙarancin albashi ya koma naira 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, 70,000 a 2024, Kano ma ta ɗora nata a 71,000. Naira 7,000 da ta fi albashin ƙaramin ma'aikaci a 2007, a ma'aunin 2024 kashi ɗaya ce cikin goma.

Kowane ma'auni da aka yi amfani da shi a wannan ƙasa ya bar wani a waje. Na malamai ya daidaita talaka da attajiri, amma sai an sami mai laifi. Na 1941 da 1987 ya kawar da neman mai laifi, ya tsaya ga mai albashi, ya kuma biya sau ɗaya. Na 2010 ya tsawaita biyan, amma har yanzu albashi ne ginshiƙinsa. Duk ranar da Majalisar Dokokin Kano ta zauna kan kuɗin wata ga naƙasassu, tambayoyin da tarihin nan ya ajiye mata su ne wa zai tantance naƙasar a Rano da Kibiya, ko kowane wanda ya cancanta zai shiga ko za a ƙayyade gurbi, da kuma ko za a ɗaure kuɗin da mafi ƙarancin albashi domin ya riƙa tashi tare da shi. Kafin wannan rana, leburan kamfanin dutse yana da kwana 14 ya kai rahoto da shekara ɗaya ya shigar da takarda, manomin kuwa yana jiran kaka ya ga abin da za a fitar masa na zakkar hatsi.