Waƙar Da Ake Yi Wa Amarya A Gaban Wuta

Na san da wuya a samu wadda ba ta taɓa ganin ɗaurin aure a fim ɗin Indiya ba: an hura wuta a tsakiya, ango da amarya suna zagayawa, ga wani dattijo zaune yana ta karanto wasu kalmomi da ko fassara su ba a yi. Ni dai shekara da shekaru hankalina yana kan sarin amarya da gwala-gwalanta, sai daga baya na tambayi kaina, shin wai me tsohon nan yake faɗa ne?

Ashe wani sashe na abin da yake karantawa daga Rigbeda yake, littafin da ya fi kowanne tsufa a addinin Hindu. Harshensa Sanskirit ne, kuma tsohon Sanskirit, wanda ko Ba'indiyen da ke cikin fim ɗin ba lallai ya gane ba. Masana sun kimanta an tsara waƙoƙinsa tsakanin shekara ta 1500 zuwa 1000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a yankin Punjab. Waƙoƙi 1,028 ne a kashi goma, baitoci sama da 10,000. A kashi na goma, waƙa ta 85, nan waƙar auren take.

To abin da ya ɗaure min kai shi ne, littafin ya yi ɗaruruwan shekaru ba a rubuce ba. Daga bakin uba ko malami yake faɗawa kunnen yaro. Kada ki ɗauka haddar wasa ce. Bayan yaro ya riƙe baiti yadda yake, sai ya sake riƙe shi kalma-kalma a rarrabe, aikin da ake dangantawa da wani malami mai suna Shakalya. Sannan ya riƙe shi bibbiyu. Sannan a zo kan wata hanya da suke kira jata, wato gashin da aka tufke. Wallahi sunan ya dace, domin kamar kitso ne sak. Ɗauki misali "ruwa ya sauka". Sai yaro ya ce: ruwa ya, ya ruwa, ruwa ya, ya sauka, sauka ya, ya sauka. Kin ga ke nan kowace kalma an kitse ta da maƙwabciyarta ta gaba da ta baya, in guda ta zame dole a ji. Har hawa da saukar murya sai an kiyaye.

Malamin nan Albiruni, wanda ya rubuta littafinsa kan Indiya wajen shekarar 1030, ya ba da labarin cewa malamansu ba sa yarda a rubuta Beda, don alƙalami ba ya ɗaukar karin murya. Ya kuma ambaci wani mutumin Kashmir, Basukra, da ya rubuta shi gab da zamaninsa saboda tsoron kada a manta.

Tsoron nan kuwa yana da dalili. Patanjali, wani masanin nahawunsu na da, ya ce Rigbeda reshe 21 gare shi, kowane reshe da gidajen da suke riƙe da shi. Yau guda ɗaya ne ya iso cikakke, na Shakala. Sauran, in ban da ɓurɓushi, sun bi masu su kushewa. Rannan da aka rasa yaron da zai zauna ya karɓa, shi ke nan.

Nan ne fa abin ya ɗan sosa min rai. Tsohon jadawalinsu na mawaƙa ya jingina wasu waƙoƙin ga mata, irin su Gosha da Apala da Lopamudra. Gosha ma, an ce ta daɗe a gidan ubanta ba miji, waƙarta roƙon aure ce. Wasu masana na ganin ba matan ne suka tsara ba, an dai sa maganar a bakinsu. Ko ma dai yaya ne, littattafan dokokinsu na baya sun rufe wa mata ƙofar koyon Beda, haka ma masu ƙasƙancin asali a tsarinsu. A ganina, wanda ke tsoron ɓatan abu bai kamata ya kori rabin mutanen gida daga tsaronsa ba.

Sauran labarin na takarda ne. A ƙarni na 14 Sayana ya yi masa dogon sharhi a daular Bijayanagara. Wani Bajamushe, Maks Mula, ya buga shi tare da sharhin a Ingila, juzu'i shida, daga 1849 zuwa 1874. A 2007 hukumar UNESCO ta sa kwafi 30 na rubutun hannu da ke ajiye a birnin Pune cikin kundin abubuwan tarihin duniya. Mafi tsufan da ke ɗauke da kwanan wata a cikinsu na shekarar 1464 ne, wato waƙar amaryar ta girme wa takardarta da shekara sama da dubu biyu.