Sayar da Tsofaffin Ƙarafa: Ƙa'idoji da Hanyoyin Kiyayewa

Gabatarwa

Da wuya a sami gida a ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa da babu mataccen injin ban ruwa, tsohuwar garma ko fasasshiyar tukunya. 'Yan gwangwan suna bin ƙauyuka suna sayen irin waɗannan kaya, su kai wa dillalai a birnin Kano, musamman kasuwar Ƙofar Ruwa, daga nan a wuce da su masana'antun narka ƙarfe. Sana'a ce halattacciya. Abin da muke jan hankali a kai shi ne, kada a sayar ko a sayi ƙarfen da ba a san asalinsa ba.

Kayan da Ba a Sayarwa

Kayan gwamnati da na al'umma ba su zama na kowa ba don kawai sun daina aiki. Sun haɗa da wayoyi da taransifomar KEDCO, kan famfon burtsatse, ƙofofi da tagogin makarantu, ƙarafan gadoji, ƙofofin ruwa na madatsar Tiga da aka kammala a 1974, titin jirgin ƙasa da ya ratsa Dangora, da ragowar injunan haƙar kuza na Riruwai. Sashe na 317 na kundin Final Kod ya tanadi ɗauri ga wanda ya karɓi kayan sata da saninsa, don haka mai saye ma bai tsira ba. Ƙarfen da ɓarawo ya sayar a kan kuɗi ƙalilan yakan bar gari guda cikin duhu ko ƙishirwa na tsawon watanni.

Kafin a Sayar

1. A tabbatar kayan mallakar mai sayarwa ne. Na gado sai da yardar magada.
2. A ware kaya da maganaɗisu. Yana kama baƙin ƙarfe, ba ya kama jan ƙarfe, alminiyam da dalma, waɗanda suka fi tsada. Wanda ya sayar a cakuɗe, kuɗin baƙin ƙarfe zai karɓa.
3. A yi ciniki a kan kilo, a duba cewa sikeli yana kan sifiri kafin awo.
4. Babban kaya kamar injin niƙa ko gangar jikin tarakta, a sayar a gaban mai unguwa, a rubuta takarda.
5. Kada a tura yara talla da ƙarfe, kada kuma a saya daga hannunsu.

Haɗari ga Rai

A 2025, wani tsohon bam da ya shigo cikin lodin ƙarafa ya fashe a birnin Kano, aka yi asarar rayuka. Duk ƙarfen da ya yi kama da harsashi ko gurneti, kada a taɓa shi, a sanar da 'yan sanda. Haka kuma kada a fasa batir ko a ƙona waya a cikin gida, domin gubar dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yara.

Nauyin Shugabanni

Muna kira ga hakimai, dagatai da jami'an ƙananan hukumomi da su san kowane mai sikeli a yankinsu, su kuma shawarce shi ya riƙa rubuta sunan mai kawo kaya da nauyinsu. Wanda ya ga ana kwance kayan al'umma, ya sanar da mai unguwa, ofishin 'yan sanda ko jami'an Sibil Difens mafi kusa.